Lamba Ɗaya, Fayil Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata, kuma har ya yi ritaya bai taɓa karanta fayil ko guda ba. Da alfahari yake faɗin haka. Aikinsa, in ji shi, ba sanin abin da ke ciki ba ne, sanin inda abu yake ne. Shi ya sa kowa ke ce masa Rajistara, har da matarsa, wadda ta fi kowa iya jan sunan idan tana son tsokanarsa. Shi kuma Malama yake ce mata, don malamar makaranta ce.

Wata tara bayan rasuwar Malama, 'yarsu tilo ta bugo waya da hantsi. Yana cikin jera kwalaben maganinsa daga dogo zuwa gajere.

"Baba, hoton Mama nake so."

"Akwai na katin shaida."

"Wannan da take kama da wadda aka kama da kayan sata? Ba shi ba. Na gaske nake so. Jiya na rufe ido ina son in ga fuskarta, sai kyamara ta zo mini, da yatsunta a gefe. Fuskar ta ƙi zuwa, Baba."

Rajistara ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Shi ya fi wata biyu a cikin wannan hali, amma ba irin maganar da yake yi a waya ba ce.

Matsalar a fili take. Malama ta yi shekaru tana ɗaukar hoton duk abin da ya gifta ta gabanta, daga mutane har tukwanen furanni, amma ita kullum a bayan kyamara take. Idan wani ya karɓa ya juyo da ita wajenta, sai ta baza tafin hannu ta rufe fuska, ta ce ita mai ɗauka ce, ba abar ɗauka ba.

"Amma akwai su," in ji 'yar. "Makon da aka sallamo ta daga asibiti na ƙwace kyamarar, ta zauna a baranda ta ƙyale ni. Sun kai hamsin. Har dariya ta yi."

"Ni ina ina lokacin?"

"Kana tebur mana, Baba. Ina kuma?"

"Ba ni kwana uku. Sai na tsara su tukuna."

"Guda ɗaya fa na ce ka nemo."

"Uwata, ba a neman abu a cikin juji. Jujin ake tsarawa, sai abin ya fito da ƙafarsa."

Da ya buɗe kwamfutar Malama sai da ya cire tabarau ya goge. Folda ɗaya ce mai suna Hotuna. A cikinta akwai Sababbi, da Sababbi Sosai, da Kar A Taɓa, da kuma wata mai suna Rajistara Kar Ka Taɓa. Hotunan kansu ba su da suna sai lambobin da kyamara ta ga dama ta ba su, wasu lambobin ma sun maimaitu a wurare uku. Ya ɗauko kyamarar daga aljihun durowa, ya zare katinta, ya kwashe hotuna ɗari huɗu da sha biyu da suka rage a ciki ya zuba cikin sauran. Sannan ya sa filaya ya karya katin biyu. Haka suke yi da daftari a ofis: da zarar takarda ta shiga rajista, sai a hallaka na wucin gadi. Jimla ta kama dubu goma sha ɗaya da ɗari takwas da shida. Bai buɗe ko ɗaya ba.

A ƙarshen layinsu akwai shagon wani mai gyaran kwamfuta, dattijo mai furfura da kowa ke ce wa Injiniya, wanda ke magana da kwastoma kamar likitan da ya riga ya yanke ƙauna. Shi ya sa masa wata manhaja, ya yi masa bayani yana tauna tsinken sakace.

"Kowane hoto da takardar haihuwarsa yake yawo, a ɓoye a cikinsa. Ranar da aka ɗauke shi, sa'a, minti, har daƙiƙa, da sunan kyamarar da ta haife shi. Wannan abin zai karanta takardar, ya raɗa wa kowane hoto suna da lokacinsa, ya kai shi ɗakin shekararsa da watansa. Idan ka bar shi a kunne, duk hoton da ya shigo daga baya ma haka zai yi masa."

Rajistara ya ji wani abu mai kama da ƙauna, wanda ya rabu da ji tun ranar da aka kawo masa sababbin kabad na ƙarfe a ofis.

"Amma ka fara yin kwafi ka ajiye gefe," in ji Injiniya.

"Kwafi ƙazanta ne."

"To, ranka ya daɗe. Ni dai na faɗa."

Da la'asar ya zauna a teburinsa, bayansa ga ƙofa kamar kullum, ya danna maɓalli. Sunaye suka shiga sauyawa, shekaru suna jeruwa a gefe, kowace da watanninta a ƙarƙashi. Can kusa da ƙarshe sai aikin ya tsaya, wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo. An sami fayil mai wannan suna, in ji akwatin. A maye gurbinsa, ko a ajiye duka biyu?

Ko minti ɗaya bai ɓata ba. A ɗakin fayil babu zunubin da ya kai fayil biyu su ɗauki lamba ɗaya. Ya taɓa sa an canza wa wani magatakarda wurin aiki a kan haka. Hoto biyu a daƙiƙa ɗaya kuwa, ai hoto ɗaya ne aka kwafa. Ya zaɓi a maye gurbi, ya ƙara da cewa a yi haka ga duk mai irin wannan matsala, kada a sake tambayarsa. Da aka gama, jimla ta ragu da ɗari huɗu da sha ɗaya. Ya girgiza kai yana tausaya wa marigayiya da yawan tara tarkace. Ya ga wani maɓalli da aka rubuta tsaftace sarari, ya danna shi ma, don bai taɓa ganin kalmar tsafta ya wuce ba.

Washegari da safe, karo na farko a rayuwarsa, ya zauna karanta fayil.

Ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Ga 'yarsu da kayan makaranta, ga ta da rigar kammala jami'a, ga wata mage da suka taɓa yi, ga ruwan sama a gilashin taga har sau arba'in. A kowace shekara kuma akwai shi, ko kuma a ce akwai ƙeyarsa. Malama ta ɗauke shi daga bakin ƙofar ɗakin nan ya fi a ƙirga, yana duƙe a kan tebur. Ya zauna yana kallon ƙeyarsa tana tsufa: sanƙo ya fara kamar kwabo, ya zama kamar faifan shayi, ya cinye kan. Ya tuna abin da take cewa duk sanda ta tsaya a wurin. Rajistara, juyo mana. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: bari in ƙarasa.

Ya iso shekarar ƙarshe. Watannin sun tsaya wata biyu kafin asibiti. Babu baranda. Ya sake bi, ya sake. Sai a lokacin ya lura da wata folda can sama da kowa, ta shekarar dubu biyu, alhali a shekarar ko kyamara ba su mallaka ba. A cikinta wata ɗaya ne, Janairu. A cikin Janairu fayil ɗaya ne: 2000-01-01_00-00-00.

Ya buɗe. Ƙeyarsa ce, daga bakin ƙofa.

Injiniya ya yi rabin yini a kan kwamfutar kafin ya ɗago.

"Akwai wani ɗan batir a cikin kyamara mai riƙe agogo. Naku ya mutu, agogon ya tsaya cak a ranar da aka ƙera shi da ita. Duk hoton da aka ɗauka daga nan, takardar haihuwarsa iri ɗaya ce da ta 'yan'uwansa. Ɗari huɗu da sha biyu, suna ɗaya. Kai kuma ka ce kowa ya kwanta a kan na gabansa."

"A tono su."

"Da ka tsaya nan da na gwada. Wa ya ce ka danna tsaftace sarari?"

"Tsafta na ga an rubuta."

"Katin fa?"

Rajistara ya zaro ɓari biyu daga aljihu, a cikin ambulan, da kwanan wata a bayansa. Injiniya ya dube su, ya dube shi, ya mayar da tsinken sakacensa baki.

"Ka yi aiki mai kyau, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin wanda ya ɓatar da abu a tsare haka ba."

Ya juya zai rufe kwamfutar, sai hannunsa ya tsaya. Ya matso da fuska kusa da hoton da ya rage.

"Wannan yaushe aka ɗauke shi?"

"Kafin ta rasu mana. Shi ne na ƙarshe a katin."

"Dubi saman kafaɗarka."

Rajistara ya duba. Ta saman kafaɗar mutumin da ke cikin hoton ana hango allon kwamfuta, a tsakiyar allon kuma ga ɗan akwatin nan mai tambaya, a maye gurbi ko a ajiye duka biyu.

"Wannan manhajar jiya na sa maka ita," in ji Injiniya. "Wa ke gidan ban da kai?"

"Babu kowa."

Injiniya ya rufe kwamfutar a hankali, ya tura masa ita da yatsu biyu. "Ni kwamfuta nake gyarawa," ya ce.

Da ya koma gida, wajen durowa ya fara zuwa. Kyamarar tana nan inda ya bar ta, babu kati, babu batir, murfinta a rufe. Ya duba ƙofar gida da tagogi. Rana ba ta faɗi ba, ana jin masu wucewa a titi, wani yana gwada hon ɗin mota. Ya zauna a tebur. Bai san lokacin da ya matsar da kujerar ta manne da teburin ba.

Washegari da hantsi ya sake buɗe fayil ɗin, don ya tabbatar wa kansa cewa idon tsofaffi biyu ne ya yi musu wasa. Sunan bai canza ba. Hoton ya canza. Yanzu daga tsakiyar ɗaki aka ɗauka, daidai gefen doguwar kujera. Rigar da ya sa jiya ce a jikinsa, ga ambulan ɗin katin a gefen gwiwar hannunsa. Ya fahimci yadda abin yake tafiya, kuma fahimtar ba ta rage masa komai ba: manhajar tana kunne, umarninsa yana nan, duk sabon hoton da ya zo da wannan lokaci sai ya kwanta a kan na jiya. Tsarin yana aiki ba kuskure. Abin da bai sani ba kawai shi ne mai kawo hotunan.

Wayarsa ta yi ƙara, sai da ya zabura.

"Baba, kwana uku sun cika."

"Ana kan aiki," ya ce. Shekara talatin da ɗaya yana jin ma'aikata suna faɗin wannan magana, yau ya san ɗanɗanonta.

"Muryarka wani iri. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ka dai ga na barandar ko? Akwai wanda ta karkata kai tana dariya, shi nake so."

"Zan kira ki."

Ranar nan bai tashi daga tebur ba sai don dole, kuma idan zai tashi da baya-baya yake zamewa, idonsa a ƙasa, har ya fita. Abin dariya ne a ce dattijo mai fansho yana tsoron tsakiyar ɗakinsa da rana tsaka, kuma shi ma ya san abin dariya ne. Sanin bai hana gashin wuyansa tashi ba.

A rana ta huɗu hoton ya iso bayansa. Ƙeyar ta cika allo, ana iya ƙirga furfurar da ta rage a gefen kunne. Duk mai riƙe da kyamarar, da zai miƙa hannu da ya taɓa shi.

Ya daɗe yana kallo. Sannan tsohon ma'aikacin da ke cikinsa ya farka, wanda ya san cewa kowace matsala tana da hanyar da za a zagaye ta ba tare da an fuskance ta ba. Idan mai ɗaukar yana bayansa, ai madubi zai kama shi. Ya ɗauko madubin kwalliyar Malama, ya kafa shi a kan tebur yana kallon ɗaki, ya daidaita shi da littattafai biyu. Shi kansa bai yarda ya kalli cikinsa ba. Ya duƙar da kai yana jera biro.

Bayan azahar kwamfutar ta yi ɗan ƙaran da take yi idan ta raɗa wa fayil suna. Ya buɗe.

Ga kafaɗarsa, ga madubin. A cikin madubin, inda fuska ya kamata ta kasance, tafin hannu ne a baje, yatsu biyar a ware, da siririn zoben azurfa a na tsakiya. Zoben Malama ne, kuma yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadonsa, a ambulan, da kwanan wata.

Rajistara ya ji wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, marar daɗin ji. Ko a can ma ba ta canza hali ba. Ba a ɗaukarta da wayo. Mutum ɗaya ta taɓa sauke wa hannu, a baranda, kuma 'yarsu ba ta madubi ta kalle ta ba.

Ya kife madubin. Ya shiga cikin manhajar, ya nemo umarnin da ya bayar, ya daɗe da yatsa a kansa kamar mai shirin sa hannu a takardar murabus. Ya sauya shi: a ajiye duka biyu. Sannan ya goge tabarau da gefen riga, ya mayar, ya kama hannuwan kujera, ya juya ta gaba ɗaya.

Bai taɓa ganin ɗakin daga nan ba. Ashe fentin saman ƙofa ya ɓare. Ashe hasken la'asar yana shigowa ta baranda ya kwanta a kan doguwar kujera, daidai inda matashin ya lotsa. Babu kowa. Ƙura ce kawai ke yawo a cikin hasken, sai dai a wuri ɗaya, taku ɗaya daga gwiwarsa, ƙurar ba ta ratsawa, zagayewa take yi.

Ya ɗaga kai daidai tsayin da ya sani.

"Na ƙarasa, Malama," ya ce.

Shiru. Wata mota ta wuce. Ya ci gaba da kallon wurin har idonsa ya kawo ruwa, bai kawar da kai ba. Can a bayansa kwamfutar ta yi ɗan ƙaranta.

Bai juya da kujerar ba, hannu ya miƙa ya jawo kwamfutar kan cinyarsa. Fayil biyu ne yanzu a cikin Janairu, lamba ɗaya, na biyun da ɗan 2 a wutsiya. Ya buɗe shi. Wani tsoho ne yake kallon kyamara kai tsaye, baki a ɗan buɗe, kamar wanda aka tambaya abin da bai shirya ba. Ya ƙara girman hoton, ya ƙara, har tabarau ya cika allo. A cikin kowane gilashi akwai mace ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, haske a bayanta. Ta sauke kyamarar zuwa ƙirji. Ta karkata kai tana dariya. Sau biyu ta fito, dama da hagu, kwafi sak, kuma bai ga ƙazantar komai ba.

Ya tura wa 'yarsa. Ba a yi minti biyu ba ta kira.

"Baba, wannan ai kai ne. Ko da yake ban taɓa ganin hotonka ta gaba ba."

"Ƙara girmansa. Dubi tabarau."

Ya ji numfashinta ya tsaya, sannan ya dawo da rawa.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Haka take. Haka bakinta yake yi." Ta ja hanci. "Na barandar fa?"

"Na ɓatar da su, uwata. Da hannuna. Wannan ne ya rage."

"Yaushe ta ɗauke ka? Wannan rigar ai bayan rasuwarta na aiko maka da ita."

Ya dubi sunan fayil ɗin, don shi mutum ne da ba ya faɗin kwanan wata da ka. "A rubuce, ɗaya ga Janairu, shekarar dubu biyu."

Kwamfutar ta sake yin ƙara a kan cinyarsa. Fayil na uku ya jeru a ƙarƙashin 'yan'uwansa, sannan na huɗu.

"Baba, ƙaran mene ne wannan? Wa ke tare da kai?"

Rajistara ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙe zaune.

"Bari in kira ki anjima," ya ce. "Ana ɗaukata hoto."